Gahawar Hamma a Tukunyar Gumi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kura zuwa Bunkure ya san teburin Dalhatu mai shayi a bakin gadar kanal, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefe ɗaya na gemu, wanda zai riƙa zuba maka shayi yana leƙen sama ko hadari ya taso, alhali ana tsakiyar rani. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma tun muna yara tare muke kamun tarwaɗa a kanal ɗin nan. Don haka in na ce ban taɓa ganin mai ɗora wa kansa damuwa irinsa ba, ba sharri nake masa ba. In ruwa ya cika kanal, sai ya ce yau kam sai ya ɓalle. In ruwan ya ja baya, sai ya ce shinkafar mutane ta mutu. Shi kuwa ko taƙi ɗaya na shinkafa ba ya nomawa.

Mahaifinsa manomi ne, amma Dalhatu bai gaji fartanya ba. Ya fara da karen mota, ya zama direba, ya shekara da shekaru yana kai albasa da kauɗar tumatir har Taraba. A irin wannan tafiya ce motarsa ta mutu a hawan tsaunin Mambila, ga sanyin da bai saba da shi ba, ga zazzaɓi ya kwantar da shi a gefen hanya. Wani manomi da kowa ke kira Hamma ya ɗauke shi ya kai shi gida, ya yi jinyarsa har ya miƙe. A bayan ɗakin da ya kwanta akwai wata 'yar gona a jikin gangare, cike da gajerun bishiyoyi masu jajayen 'ya'ya. Gahawa ce, mahaifin Hamma ne ya dasa ta.

Da idon Dalhatu ya fara rauni sai ya ajiye tuƙi ya kafa teburin shayi. Amma Mambila ba ta sauka daga bakinsa ba. Mun ji labarin gajimaren da ke shigowa har tsakar gida, mun ji na gonar Hamma, har mun haddace. Wani lokaci in ya fara, sai ɗayanmu ya ƙarasa masa don a gama da wuri. Zumuncinsu kuma bai yanke ba. A ƙauyen Hamma babu sabis sai mutum ya hau wani tudu, saboda haka shi ne yake kira, in ya samu sararin hawa.

Bara, bayan an gama tsinkar gahawa a can, Hamma ya kira da maganar da ta hana Dalhatu sukuni. Ya ce ya gaji. Dillalai suna zuwa su haɗa gahawar kowa a buhu ɗaya, mai kyau da maras kyau, su yanka farashin da suka ga dama su tafi. Maƙwabtansa duk sun sare tasu sun dasa bishiyar turare, wadda ake yin katako da ita. Shi ma da ruwan farko zai sa gatari.

Dalhatu ya zo ya same ni a ƙofar gida, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Mudassiru, zai sare su fa."

"Su wa?"

"Bishiyoyin. Na babansa."

Na ce masa gonar mutum ce, kuma tsakaninmu da ita tafiyar yini da kwana. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Gaskiya a lokacin na ɗauka irin damuwarsa ce ta yau da kullum, wadda ke wucewa in wata ta zo.

Ana cikin haka Allah ya kawo Mansura. Wata matashiya ce mai shagon gahawa a cikin Kano. Tayar motarta ce ta yi faci a kusa da gada, ta zauna a bencin Dalhatu tana jiran mai faci, shi kuwa yana ta ba wasu masu kwasar tumatir labarin Hamma. Sai ta sa baki. Ta ce ita daga ƙasashen waje take sayo tata, kuma ta daɗe tana neman ta gida. Amma tana da sharaɗi: ba ta sayen gahawar da ba ta san gonar da ta fito ba. Manomi take so ta sani da sunansa, ta saya daga hannunsa a farashin da shi ma zai ji daɗi, ta rubuta sunansa a jikin kowace leda. Ta ce a kawo mata ta ɗanɗana, a soye, suya ta tsaka-tsaki. Kada ta yi fari, kada ta yi baƙi, ta tsaya a launin busasshen dabino.

Da Hamma ya sake kira, Dalhatu bai bari an gama gaisawa ba.

"Hamma, don girman Allah kada ka taɓa su. Ka aiko min da abin da ya rage, ka jira ka ji daga gare ni."

Hamma ya ce buhu ɗaya ya rage masa, wanda ya hana dillalai, kuma zai aiko. Ya ce zai jira, amma ruwa ba ya jiran kowa, dashen turare kuwa da ruwan farko ake yinsa.

Buhun ya iso a bayan wata motar ayaba. Dalhatu ya ɗauko shi da kansa, bai yarda mai baro ya taɓa ba, ya jingine shi a ɗakin matarsa Kubra. A ranar kuma aka aiko masa kawunsa ya rasu a Dawakin Kudu. Yana saka takalmi ya ce mata, "Ki kula min da buhun nan, Kano za a kai shi." Iyakar bayanin da ya yi ke nan. Halinsa ne, zai kwana yana juya magana a ransa, amma ba zai buɗe baki ya gaya wa wanda ke kusa da shi ba.

To, sai na yi bayanin Kubra, don kada wani ya ga laifinta. A unguwarmu babu macen da ta kai ta iya gumin shinkafa. Shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ba a kai ta inji haka nan, sai ta kakkarye ta zama tsaki. Sai an jiƙa ta ta kwana a ruwa, a turara ta a tukunya, a shanya ta bushe, sannan a kai a cashe. Wannan shi ne gumi, kuma da shi Kubra ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. 'Yan kasuwa daga nesa suna tambayar shinkafarta da sunanta.

Ta kwance buhun mijinta. Ta ga ƙwaya mai ɓawo fari-fari, ta murza ɗaya a tafin hannu, ɓawon ya fashe, ƙwayar ta fito. A wurinta magana ta ƙare: abu ne mai ƙaiƙayi, kuma Kano za a kai shi. Wace mace ce a Kura za ta bari a kai kayan mijinta birni ba a gyara ba? Ta ajiye aikin mutane, ta share rabin duronta tas, ta jiƙa gahawar Hamma, washegari ta hura wuta ta turara ta da kyau, ta baza a tamfol tana korar kaji.

Ina tsaye a zaure ranar da Dalhatu ya dawo, na zo yi masa gaisuwa. Ya shiga, na ji shiru, shirun ya yi yawa, sai na yi sallama na bi shi. Yana tsaye a kan shanyar. Ƙwayar ta kumbura ta yi toka-toka, wani wari na tashi kamar na jiƙaƙƙen buhu. Kubra na gefe tana murmushi, tana jiran sannu da aiki.

"Kubra, mene ne wannan?"

"Gumi na yi maka, Malam. Gobe in ta ƙara shan rana sai inji. Ko ɗaya ba za ta karye ba."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya zauna a kan turmi, ya ɗebi ƙwayar yana kallo. Murmushin Kubra ya tafi a hankali. Ni kaina tausayinsu su biyun ya kama ni, na rasa wanda zan fara ba haƙuri.

Duk da haka mun gwada. Aka ɓare kaɗan, aka soya, aka daka, aka dafa. Na kurɓa, kuma don kunyar Kubra na haɗiye. Ruwan jiƙon tsumma ne da ɗan ɗaci a ƙarshe. Duk abin da ke cikin ƙwayar nan ya bi ruwan gumi ya tafi kwata.

Daga ranar Dalhatu ya zama abin tausayi. Yana zuba wa mutum sukari sau biyu, wani kuma ya miƙa masa ruwan zafi zalla. Baballe, ɗan kamashon tumatir da ba ya rasa dabara, ya ji labarin ya ja benci kusa.

"Kai ma da wahalar da kai kake. Shiga Kano, ka sayi gahawa mai kyau a kasuwa, ka kai mata ka ce ta mutuminka ce. Ta sha, ta yaba, ta yi oda. Bishiyoyi sun tsira, baɗi ka kawo ta gaskiya. Wa ka cuta?"

Abin haushin shi ne maganar tana da kan gado. Dalhatu ya yi kwanaki yana juya ta. Da safe ya ce min zai yi, da yamma ya ce ba zai iya ba. Ya ce yarinyar nan abu ɗaya ta roƙa, ta san gonar wa take sha. Ya ce in ta yaba gahawar wani, to Hamma zai bar bishiyoyinsa ne a kan yabon da ba nasa ba, kuma baɗi in ta ji bambanci, sunan Hamma ne zai ɓaci ba na Dalhatu ba. Sai kuma ya juya ya ce to in bai yi ba fa, gatari ne.

A cikin kwanakin nan ne wayarsa ta yi ƙara muna zaune. Na ga sunan a fuskar wayar, Hamma ne. Dalhatu ya zuba mata ido, hannunsa na kan murfin buta, har ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa.

"Ɗauka mana," na ce. "Tsohon nan tudu ya hau fa."

"In ce masa me? In ce buhun da ya hana dillalai mun dafa shi? Bari in samu abin faɗa tukuna."

Washegari ma ta yi ƙara, ya kifa ta a kan tebur. Na yi masa faɗa sosai, ya ci gaba da goge kofin da ya riga ya goge.

Kubra kuwa ta daina fita ko ƙofar gida. Wata rana da hantsi, ina gyara musu igiyar shanya, ta kawo masa kunu ta tsuguna, ta ce cikin sanyin murya, "Malam, ko irin za ka gwada shukawa a bakin kanal? Wataƙila Allah ya sa ya yi a nan, ka mayar masa da abinsa."

"Wane iri?"

"Wanda na ɗebe mana. Ai ba a taɓa buhu ba a fitar da iri ba."

Haka ne kuwa. A gidajenmu, kafin hatsi ya ga ruwa ko turmi, sai an ɗebi na shuka an ɓoye. Kubra ta yi abin da uwarta ta koya mata, ta cika kwano ɗaya ta ɗaure a tsohon zani ta sa a ƙarƙashin gado. Ba ta faɗa ba tun farko don a saninta iri ba na ci ba ne, ko yunwa ake ba a taɓa shi. Dalhatu ya kwance ƙullin, ya ga ƙwayar Hamma fara tas, busasshiya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai hawaye.

Saura suya, kuma dama ɗaya ce. Kubra ta ce ita kam ta tuba, ba za ta ƙara taɓa abin nan ba. Dalhatu ya ce shi ko ƙwai ya soya sai gefe ya ƙone, hannunta ne ya san wuta. Wannan karon ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya kunna mata saƙon muryar da Mansura ta turo, ta saurara, ta ce a maimaita. Ta sussuka ƙwayar a turmi a hankali, ta bakace ɓawon da faifai, ta ɗora kaskon suyar gyaɗa a kan garwashi. Ta sa aka kawo mata dabino guda ta ajiye a gefen murhu.

Ban taɓa ganin tsakar gida ta yi tsit haka da rana tsaka ba. Ƙwayar ta tashi daga kore-kore ta koma ruwan ƙasa, hannun Kubra bai tsaya da juyawa ba. Dalhatu yana zagaye murhun yana cewa ta sauke, sai kuma ya ce a'a ta bari. Da ƙwayar ta fara fashewa kamar gugguru ya dafe kai ya ce shi ke nan ta ƙone. Kubra ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kara da dabinon, ta ƙara juyawa kaɗan, sannan ta juye a faifai tana fifita. Ƙamshin ya tsallaka katanga, har matata ta leƙo tana tambayar me ake toyawa.

A ranar da yamma wani direba ya tsaya shan shayi ya ce an yi ruwa a Mambila, ruwa mai yawa. Dalhatu ya ciro waya ya kira Hamma. A kashe, ko kuma ba sabis. Ya yi ta kira har magariba.

Da sassafe muka shiga mota zuwa Kano, ya rungume gwangwanin gahawar a ƙirji kamar za a ƙwace. Na ce masa ba dole ne ya ba Mansura labarin gumi ba. Muna shiga shagon, tun kafin mu zauna, ya zayyane mata komai, har da shawarar Baballe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sai ta dubi fuskarsa ta daina.

"Baba, yi haƙuri. Kawo mu gani."

Ta niƙa, ta zuba ruwan zafi, ta sunkuya ta shaƙa. Ta ɗiba da cokali ta zuƙa da ƙara, irin zuƙar da in yaro ya yi a gida sai an harare shi. Ta sake zuƙa. Dalhatu ya kama hannun rigata ya murɗe.

"Wa ya soya wannan?"

"Mai ɗakina ce, Hajiya. Wadda ta yi gumin."

"To ka gaishe min da ita. Baba, gahawar nan tana da zaƙi kamar an ɗiga zuma, ga ɗan tsamin lemo a bayansa. Ina son duk abin da gonar za ta bayar baɗi, kuma ina so in je in ga Hamma da idona. Bishiyoyin dai suna nan ko?"

Dalhatu ya ce suna nan in Allah ya yarda.

Tun daga Kano har Kura yana kira, wayar ba ta shiga. Sai bayan la'asar, yana hura wutar shayi, ta yi ƙara. Ya ɗauka tun kafin ta gama bugun farko, kuma cikin gaggawa ya danna ta a bayyane, duk muna ji.

Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya faɗi gumin, ya faɗi kwanon iri, ya faɗi abin da Mansura ta ce. Can ɓangaren sai iska muke ji tana kaɗawa.

"Ta sha da bakinta?" in ji Hamma.

"Ta sha, Hamma."

"Ta ce zuma?"

"Zuma da lemo."

Tsohon ya yi 'yar dariya. Ya ce tun yana yaro yake tsinkar abin nan, ba a taɓa samun wanda ya sha ya aiko masa da yadda ya ji ba. Sannan ya ce, "Dalhatu, na sare na gangare."

Dalhatu ya dafa tebur.

"Na hau tudun nan na kira ka, na sake hawa na kira. Da na ji ba ka ɗauka ba, sai na ce kunya ce ta hana ka gaya min ba a so. Ban ga laifinka ba. Ruwa ya sauka, na sa gatari."

"Duka?"

"Na saman suna nan, gwiwata ce ta hana ni kai musu. Sun fi kaɗan, amma su ne tsofaffin." Ya numfasa. "Da ka ɗauka ka ce min an dafa, ai da dariya zan yi in jira. Buhu ne kawai, Dalhatu. Wata shekara tana kawo wani."

Ba wanda ya yi motsi a bencin, har Baballe. Dalhatu ya ce, "Ka yafe ni, Hamma," ya sake faɗa. Hamma ya ce babu komai, ya ce a gaida Kubra, a gaya mata baɗi ta ɗebi irinta amma ta bar tukunya ta huta. Daga nan sabis ya ɗauke.

Na saman suna nan har yau, kuma Mansura ta cika alkawari, ta je ta gan su. Sunan Hamma yana jikin ledojinta, sai dai ledojin ba su da yawa, ba sa daɗewa suke ƙarewa. Kubra ce ke soya wadda ake sha a teburin gada, kuma har yanzu da dabino a gefen murhunta. Dalhatu bai daina leƙen sama ba, bai daina cewa kanal zai ɓalle ba. Amma labarin gonar gangare, wanda muka haddace har muna ƙarasa masa, bai ƙara ba mu shi ba. Kuma ko yana tsakiyar zuba wa mutum shayi, in wayarsa ta yi ƙara, dire butar yake ya ɗauka.